Gatsen da Na Kai Bungudu

Da gatse aka raine ni. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu a Tsafe, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta yabona, faɗa ma ba ta yi mini shi kai tsaye. Ranar da na fasa tulu a hanyar rijiya, ta dubi tsingaron da na kwaso a riga ta ce, "Sannu da aiki. Ga randa can, tahi ka ƙarasa." In na makara da safe, sai in jiyo ta daga bakin murhu tana cewa in koma in kwanta, ai ba a kira azahar ba tukuna. Ban taɓa komawa na kwanta ba, randar ma ban taɓa ta ba. Yaro ɗan shekara biyar ya san abin da ake nufi, ba sai an zaunar da shi an yi masa darasi ba.

Ni kuwa sai da na mayar da abin darasi. Shekara guda bayan an ba mu jiha, aka ɗauke ni koyar da Hausa a wata sakandare a Gusau. Na ɗinka kaftani biyu, na sayi jan biro, na fara jin cewa harshen nan gaba ɗayansa a hannuna aka bar shi amana. Duk cikin adon magana babu inda nake baje koli kamar gatse. Sai in juya ga allo in rubuta da manyan baƙaƙe: gatse shi ne ka faɗi magana kana nufin akasinta, kai ka sani, wanda ka faɗa wa ma ya sani. Daga nan in raba shi da 'yan uwansa. Habaici, ka dubi wannan ka jefi wancan. Zambo, ka kama mutum ka siffanta muninsa. Gatse kuwa da kalmomin kirki ake yinsa, "sannu" da "madalla" da "ka kyauta", muryar ce kawai ke juya su. Yara suna kwafa, ni ina zagaya aji hannu a baya.

Ban tsaya ga allo ba. Wanda ya zo a makare, in tare shi a ƙofa in ba shi haƙuri mun fara ba mu jira shi ba. Wanda ya ci biyu bisa ashirin, in sa a tafa masa. A ɗakin malamai ma haka, har abokan aiki suka koma duba fuskata kafin su amsa gaisuwata. Ɗalibai suka laƙaba mini kalmar ta zama sunana a bayan idona. Da labarin ya zo kunnena na ɓata rai a gaban mutane, amma a zuci daɗi na ji.

A wajen wata bita ta malamai na haɗu da mutuniyar. Malamar firamare ce a Bungudu, doguwa, ba ta da yawan magana, kuma ita ce mutum ta farko da na yi wa gatse ta dube ni kawai ta ci gaba da rubutunta. Wannan ya dame ni kwana uku, a na huɗu na gane sonta nake yi. Muka yi wata bakwai ina zuwa zance a ƙofar gidan wata ƙawarta a Tudun Wada duk ranar da ta shigo Gusau. Na ce zance, amma gaskiya lacca ce. Ni ke magana, ita ke saurare. Ta dai taɓa gaya mini cewa mahaifiyarta ta rasu tana goye, gwaggonta ce ta riƙe ta, kuma mahaifinta, wani mai sayen hatsi, ba ya ƙetare maganar yayar tasa. Na ce Allah Ya jiƙan mamaciya, na koma kan abin da nake cewa. Ban tambayi komai game da gwaggon ba.

Da magana ta fara ƙarfi, sai ta ce kafin manya su shigo, ya kamata in je in gaida kakarta. Gwaggo ba zan gan ta ba, uwa ce, tsakanina da ita sai kunya. Kaka kuwa dole.

"Sai ka shirya hwa," in ji ta. "Kaka ba ta ragawa kowa. Wanda yaz zo biɗar yayata, da tat taɓa shi yay yi shiru, shekara biyu tana kiran shi kurma. In ta jehe ka, ka rama. Ɗakinta na na hwarko in ka wuce zaure, kullum tana bakin ƙohwa."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ni za a ce wa in shirya? Kowa ya san yadda abin yake: wanda zai auri jika ango ne a wajen kaka, ita amaryarsa ce, a yi ta tsiya da juna, ya ajiye goro ya tashi. Jarrabawa ce aka kawo mini a darasin da ni na rubuta littafinsa. Duk da haka na shirya ɗin. Na zauna da jan birona na tsara maganganu guda shida a bayan takardar jarrabawar wani yaro, na haddace su, har na gwada biyu a kan mai gadin makaranta.

Lokacin wahalar mai ce. Mun yi da ita zan iso bayan azahar, sa'ad da ta taso daga makaranta. Don gudun kada in rasa mota na fita tun da hantsi, sai kuwa na yi sa'ar wata akori-kura mai zuwa Nahuce ɗaukar masara, direban uban wani ɗalibina ne. Kafin sha ɗaya ina Bungudu. Mai hankali da ya nemi inuwa ya jira. Ni kuwa maganganuna shida suna ta motsi a bakina, na ga in na jira za su huce.

Na yi sallama a zaure, wata murya ta tsofaffi ta amsa, ta ce a shigo. Ina wuce zauren sai ga ɗakin farko, ga tsohuwa a bakin ƙofa kan tabarma, da faifai a cinya tana tsinkar zogale. Ƙanƙanuwa ce, zanen jikinta ya koɗe, bakinta ya faɗa ciki. Komai daidai da yadda aka gaya mini. Ban durƙusa ba, na ɗan rage tsawo dai, na ja kujerar tsuguno na zauna gab da ita.

"Amarya," na ce, "irin wannan kwalliya haka? Ai sai ki sa in manta da wadda na zo dominta."

Ta ɗago ta dube ni. Na ce a raina, lallai gwana ce, tana auna ni ne. Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta jawo wata ƙwarya da ludayi ta tura gabana. Fura ce, an dama ta da ruwa-ruwa yadda tsofaffi ke so.

"Kai, wannan fura ta yi kauri," na ce. "A kawo mini wuƙa in yanka."

Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Na fito da ƙullin goro na ajiye a kan tabarma, na ce da irin waɗannan haƙora nata reras, na san kafin in kai bakin titi ta gama da shi. Na ga hannunta ya tsaya a kan zogalen, sannan ya ci gaba. Na zuba na huɗu, na zuba na biyar. Na shidan ma na zuba, na ƙafafunta ne, wai in ta shiga tseren gudu da 'yan mata ita za ta zo ta ɗaya. Har yau in na tuna ina jin zafi a bayan kunnena.

Da kayana suka ƙare, ita kuma ba ta rama ko ɗaya ba, sai na fara tsarguwa. Na ce bari in sauko in yi maganar gaskiya, wataƙila ita take jira. Mutuniyar ta gaya mini Kaka ta haifi tara, duk suna raye. Na gyara zama, na sassauta murya, na faɗi abin da ke zuciyata tsakani da Allah.

"Wasa dai nake yi. Ke da Allah Ya cika wa ɗaki da 'ya'ya da jikoki, har ba ki san adadinsu ba, guda ɗaya tak na zo roƙo. Ba za ki ma ji an taɓa ba."

Ta sauke faifan a hankali. Ta jawo mayafinta ta rufe kai, ta kama bango ta miƙe.

"Malam, zamna ka huta," ta ce. "Mai ɗakin ta shiga maƙwabta, yanzu tana tahe."

Ta bi ta tsakar gida ta shige wani ɗaki can ƙarshe, ta saki asabari. Na zauna ni da ƙwarya da zogale, maganar tana shiga kaina kaɗan-kaɗan.

Ba a jima ba sai ga wata mata ta shigo daga zaure, kakkaura, hannu ya sha lalle, haƙora jawur da furen taba, ko ɗaya bai faɗi ba. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ƙare mini kallo.

"Wanga na angon nau? Wanga mai wuya kamar na buta? To ai sai in koma gidan tsohon mijina, ko yana kabari ya hi wanga kwarjini."

Ita ce Kaka. Matar kakan mutuniyar ce ta ƙarshe, wadda ya aura bayan babbar 'yarsa ta riga ta yi aure, don haka 'yar ta girme ta. Babbar 'yar nan ita ce Gwaggo, kuma ita ce ta taso daga ɗakinta ta zauna tsaron zogale. Kaka ta yi ta jifana ta ko'ina, hulata, takalmina, albashin malamin makaranta. Ko kalma ɗaya ban iya mayarwa ba. Ina zaune ina zufa, ina cewa "haka ne". Ta gaji ta ce wannan ai ya fi na yayar mutuniyar kurumta. Cikin awa guda na yi wa wadda ake jin kunya rashin kunya, na kuma yi wa abokiyar wasa shiru.

Da mutuniyar ta dawo daga makaranta ta shiga ɗakin Gwaggo, ta daɗe. Ta fito ta same ni a zaure, ta tsaya nesa da ni fiye da yadda ta saba.

"Mi kac ce mata daga ƙarshe?"

Na faɗa mata, har da saurina, don a ganina wannan ce kaɗai maganar da ba ta da laifi. Na ce sauran dai gatse ne, na yarda, amma wannan da zuciya ɗaya na yi ta.

"Gwaggo aure ukku tay yi," in ji ta. "Ba ta taɓa ko ɓari ba. Ni ɗai gare ta, ni ɗin ma ba ta ni aka yi. Ka yi mata shidda a jere, kana son ta ɗauki ta bakwai da gaskiya?"

Na miƙe na fita. Na dawo Gusau a bayan wata motar itace, tsaye.

Bayan mako guda saƙo ya zo daga mahaifinta ta bakin wani ɗan kasuwa, cewa a dakata da turo manya tukuna. Kowa ya san ma'anar "tukuna" a irin wannan wuri. Hankalina ya tashi ƙwarai, don ina son yarinyar nan fiye da yadda na taɓa nuna mata. Sai na yi abin da na iya, na ɗauki biro. Na rubuta wa Gwaggo takardar ban haƙuri shafi uku. Shafin farko haƙuri ne. Na biyu bayani ne a kan wasan kaka da jika da asalinsa. Na uku, Allah Ya yafe mini, ma'anar gatse ce da sharuɗɗansa, inda na nuna da hujja cewa maganata ta ƙarshe ba ta cika sharaɗi ba, tunda mai faɗa bai nufi akasi ba. Har layi na ja a ƙarƙashin "bai nufi" da jan biro. Na ba ƙawar nan ta Tudun Wada ta kai.

Kwana biyu takardar ta dawo a ninke yadda na ninke ta. A bayanta mutuniyar ta rubuta layi ɗaya: "Wa zai karanta mata, ni?"

Ranar Asabar na hau mota zuwa Tsafe. Na sami Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na zauna daga gefe, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na faɗi abin da ya faru. Ta sa na maimaita maganganun ɗaya bayan ɗaya, tana tankaɗenta. Ina jira in ji "madalla" ko "ka kyauta", in san an yi mini hukuncin da na saba, in sami sauƙi. Da na zo ta bakwai sai ta ajiye rariyar.

"Ka yi mugun abu," ta ce.

Tunda nake ban taɓa jin ta faɗa mini magana a miƙe haka ba, kuma ta fi duk gatsen da ta taɓa yi mini zafi. Na fara cewa ai ban sani ba. Ta ce ta ji. Ta ce kafin a haife ni shekara shida ta yi a gidan nan ba haihuwa, kuma har yau tana iya faɗin wadda ta taɓa ce mata "sannu uwar 'ya'ya" a bakin rijiya, da kalar zanen da ke jikin matar. Na san zancen shekara shidan, kowa a gidanmu ya sani, amma ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda aka yi su ba.

"Jibi mu tahi," ta ce. "Ba don kai za ni ba. Matar nan za ni gani."

Uwa ba ta zuwa neman wa ɗanta aure, balle ɗan fari. Aikin baffanni ne. Inna kuma ba ta son mota, ko Gusau sai ta shekara ba ta je ba. Amma ranar Litinin ta ɗaure daddawa da kuka a tsumma, ta sa lemun tsami a hanci, muka kama hanya. Kafin Kwatarkwashi ta yi amai sau biyu. A tashar Gusau muka yi awa biyu muna jiran mota ta cika, tana zaune a kan benci ido rufe. Na sayo mata ruwa, ta karɓa ba ta dube ni ba. Kunya da tausayinta suka hana ni zama, na yi ta zagaya motar kamar ni ne kwandasta.

A Bungudu ta shige cikin gida, ni na tsaya a waje gindin wata darbejiya. Na yi azahar a masallacin unguwa na dawo. Mahaifin mutuniyar ya zo wucewa, na zube har ƙasa na gaishe shi, ya amsa da mutunci, ya tambayi aiki da hanya, ya shige. Daga cikin gida ba na jin komai sai daka da kukan awaki. Sau ɗaya na jiyo muryar Kaka ta yi sama, aka yi dariya, na san da ni ake. Abin da Inna da Gwaggo suka faɗa wa juna a ɗakin nan na ƙarshe ban sani ba, kuma ba wadda ta taɓa gaya mini.

Bayan la'asar Kaka ta leƙo ta yafito ni, wannan karon ba tsiya, ta ce in shiga zaure in zauna. Na cire takalmi tun daga waje. Na durƙusa ina fuskantar ƙofar cikin gida, kaina a ƙasa. Na ji takun mutum a hankali, ya zo ya tsaya a bayan bango inda ba zan ga fuska ba, sai gefen mayafi. Na yi gaisuwa. Na tanadi jawabin ban haƙuri tun daga Tsafe, na fara shi, Gwaggo ta katse ni.

"Malam, bari. Innarka ta ce ba ka sani ba, na kuwa yarda. Amma ko ka sani ko ba ka sani ba, ni dai na jiya."

Na ce Allah Ya huci zuciyarta.

"Na gaya ma ubanta ku turo manyanku. Ita tana son ka, ni ba ni hana ta abin da taka so." Na ji tana gyara tsayuwa. "Ɗiya guda gare ni. In an kai maka ita Gusau, ka bari ta riƙa zuwa ina ganin ta."

Abin da ta nema ke nan, ba ta ƙara komai a kai ba. Na buɗe baki in ba ta amsar da ta dace, ni da nake cin abinci da baki, na laluba ko'ina ban sami komai ba.

"To, Gwaggo," na ce.

Ta ɗan tsaya ko akwai saura. Da ta ji babu, ta juya ta koma ciki tana dafa bango.